Sabo, Ɗan Kwatano ko Gyara: Zaɓen Kwamfreso ga Tsohuwar Motar Dizal Mai Ɗakin Kwana a Zafin Sakkwato

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40 a ma'aunin Salshiyas tun kafin azahar, iyakwandishan ɗin motar kawuna ya daina sanyi a kan hanyar Tambuwal. Motar tsohuwa ce mai shan man dizal, irin wadda ake ƙerawa a Amurka da ɗakin kwana da madafa da banɗaki a cikinta, kuma ta shigo ƙasar nan ta Kwatano shekaru da dama da suka wuce. Da muka dawo gari, mai gyaran ya leƙa bayan motar, ya kama tsakiyar kwamfreso, wato na'urar da ke matsa gas ɗin sanyi tana tura shi, ya yi ƙoƙarin juya shi da hannu ya kasa, sai ya ce, "Alhaji, wannan kam ya tafi. Ko a nemo sabo, ko ɗan Kwatano, ko a buɗe shi a gani." Waɗannan hanyoyi uku su ne duk mai irin wannan mota, ko mai tsohuwar Coaster da aka mayar wurin kwana, zai tsinci kansa a gabansu, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya wuce abin da farashin ranar saye ke nunawa. Idan na ce gas a wannan rubutu, iskar sanyin nake nufi, ba man da injin ke sha ba.

Abin da ya sa lissafin wannan mota ya sha bamban da na ƙaramar mota shi ne tsarinta. Injin yana can baya, kwamfreso yana manne da shi, amma akwatin da ke fitar da sanyi yana gaba kusa da direba, saboda haka tiyo biyu ne suke ratsa tsawon motar, wanda kan kai mita goma zuwa goma sha biyu. Ƙaramar mota takan ɗauki gas tsakanin giram 500 zuwa 800, wannan kuwa takan haura kilo ɗaya da rabi, kuma man da ke shafe kwamfreso yana yawo ne tare da gas ɗin a duk tsawon wannan hanya kafin ya dawo. Ma'anar haka ita ce duk lokacin da aka buɗe na'urar, sai an sake biyan kuɗin gas mai yawa, da na mai, da na wanke dogayen tiyo, da ladan wanda zai yini a ƙarƙashin mota. A ƙaramar mota mutum yana iya gwada sa'arsa da kwamfreso mai araha, idan bai yi ba ya cire ya sa wani. A nan kuwa kowane gwaji yana cin kuɗin da ya kusa kai na kwamfreson kansa. Ga kuma zama: irin waɗannan motoci sukan shafe watanni a ajiye, robar da ke toshe bakin sandar kwamfreso ta bushe, gas ya riƙa zurara a hankali, kuma ranar da aka tashe ta sai na'urar ta yi aiki da ƙarancin gas, wanda ke nufin ƙarancin man da ke komawa cikinta.

Saboda haka tambayar farko ba ta wanda za a saya ba ce, ta yadda tsohon ya mutu ce. Kwamfreso yana da sassa biyu da mutane kan haɗa su wuri guda. A waje akwai fulin da bel ke juyawa, da boris ɗinsa, da kulocin maganaɗisu wanda ke kama sandar idan an kunna sanyi. A ciki kuma akwai fistin da bawuloli waɗanda ke matsa gas. Idan ƙara ce ake ji ko da an kashe iyakwandishan, galibi boris ɗin fuli ne. Idan an kunna ba a ji ƙarar kamawar kuloci ba, to ko wayar maganaɗisun ta ƙone, ko tazarar da ke tsakanin farantan ta yi faɗi, ko kuma gas ya yi ƙasa har makunnin kariya ya hana wuta zuwa. A kwamfreson Sanden wannan tazara ba ta kamata ta fita daga milimita 0.4 zuwa 0.8 ba, kuma na ga an yanke wa lafiyayyen kwamfreso hukuncin mutuwa alhali cire siririn zobe ɗaya daga cikin waɗanda ke daidaita wannan tazara ne kawai maganinsa. Hujjar da ba ta ƙarya ita ce man da ke ciki. A cire kwamfreson, a tsiyaye mansa a kan farar takarda: idan ya fito garau, cikin yana da lafiya, idan ya fito baƙi ko ruwan toka, da ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa, to fistin sun ci jikinsu, kuma wannan gari ya riga ya bi gas ya shiga kwandensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke fitar da zafin gas, da tiyo da bawul ɗin da ke gaba. Daga wannan takarda ne hanyoyin uku ke rabuwa.

Gyara shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma a ganina shi ne mafi dacewa muddin matsalar a waje take. Canza boris, ko wayar kuloci, ko farantinsa, aiki ne da a wasu motocin ake yi ba tare da an zubar da gas ba, kuma mutum ya ci gaba da amfani da kwamfreson da aka ƙera motar da shi, wanda ba a shakkar asalinsa. Canza robar bakin sanda ma yana yiwuwa, sai dai yana buƙatar kayan aikinsa na musamman da hannu mai tsabta, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta mayar da yoyon. Akwai kuma tsofaffin motoci masu kwamfreson York, wanda ke tsaye kamar ƙaramin inji, da fistin biyu da wurin ajiyar mansa a ƙasa; wannan an yi shi ne domin a buɗe a gyara, kuma idan aka samu gasket da farantin bawul ɗinsa yakan dawo aiki, ko da yake yana da nauyi da jijjiga. Inda ba na goyon bayan gyara shi ne idan cikin ya riga ya niƙe. Abin da ake kira gyara a wannan hali shi ne a farke matattu biyu ko uku a haɗa guda ɗaya, a kan benci a fili, iska tana kwaso ƙura. Yana iya yin sanyi ranar da aka ɗaura shi, amma sassan da suka sha aiki a jiki daban-daban ba su cika zama lafiya da juna ba, kuma babu wanda zai ba da garanti a kansa.

Ɗan Kwatano, wanda wasu ke kira Beljiyam, shi ne zaɓin da ya fi jan hankali, kuma dalilin a bayyane yake: na asali ne, kuɗinsa bai kai na sabo ba, kuma ana samunsa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a aika Ladipo ta Legas. Ba na raina shi. Kwamfreson Denso ko Sanden da aka ciro daga motar da ta yi hatsari tana da ƙuruciyarta ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce mai saye bai san tarihinsa ba, mai sayarwa ma bai sani ba. Man kwamfreso mai suna PAG, wanda ake amfani da shi tare da gas ɗin sanyi na R134a, yana zuƙar danshi daga iska, don haka kwamfreson da ya kwana watanni a kwantena da bakinsa a buɗe, ya ratsa damshin bakin teku, ya zo ya zauna a kan tebur, yana iya zama da tsatsa a farantin bawul ɗinsa alhali jikinsa na waje yana sheƙi saboda an wanke shi da fetur. Wanda ya ƙuduri sayensa kada ya yarda da cinikin biri a sama. Ya duba ko bakunan biyu a toshe suke. Ya juya tsakiyar kulocin da hannu, ba fulin ba, domin fuli yana juyawa ko da cikin ya daskare. Ya kamata ya ji juyi mai santsi da ɗan nauyi, ba tare da sarƙewa ba. Ya ɗora babban yatsa a bakin fita yana juyawa, ya ji ko yana turo iska. Ya tsiyaye mai a kan takarda kamar yadda aka yi wa tsohon, sannan ya taɓa wayar kulocin da batir ya ji kamawarsa. Duk da haka, waɗannan gwaje-gwaje suna tankaɗe matattu ne kawai, ba sa nuna wanda zai jure matsin da zafin watan Afrilu ke haifarwa. Garantin da ake bayarwa a kasuwa galibi na ’yan kwanaki ne, kuma ko an karɓi kayan an ba da wani, gas da mai da ladan aikin da suka tafi ba sa dawowa. Ga mai Coaster, wadda kayanta suka yawaita a kasuwanninmu, wannan caca tana da sauƙi, domin musanya ba ta da wahala. Ga mai motar Amurka, samun ɗan Kwatanon da ya dace da mazauninsa da fulinsa ma aiki ne.

Sabo kuma iri biyu ne, kuma a nan ne aka fi yin asara. Akwai na asali daga kamfanonin da aka sani, kamar Sanden da Denso na Japan da Valeo na Faransa, akwai kuma kwaikwayo, wasu da sunan kansu, wasu kuma ɗauke da tambarin da ba nasu ba. Kwaikwayon da ya fito da sunansa ba ha'inci ba ne, kuma akwai masu ɗan inganci a cikinsu, sai dai ingancin ba ya tsayawa wuri ɗaya daga wannan kwali zuwa wancan. Wanda na fi tsoro shi ne mai tambarin aro, domin mutum ya biya kuɗin na asali ya tafi da jabu. Abin da ke taimakawa shi ne a sayi kaya wurin dillalin da zai rubuta rasit da lambar samfurin da tsawon garanti, a kwatanta lambar da ke jikin kwamfreson da ta kwalin, kuma a yi zargin duk farashin da ya faɗo ƙasa da na sauran shaguna sosai. Alherin da ke tattare da waɗannan motoci shi ne da yawansu suna amfani da samfurin da manyan motocin ɗaukar kaya da taraktoci ke amfani da shi, musamman Sanden SD7H15, mai fistin bakwai da ke tura kimanin cc 155 a kowane juyi, wanda ya gaji tsohon SD709 na zamanin gas ɗin R12. Akwai ƙaninsa SD5H14 mai fistin biyar da cc 138, wanda ya fi araha kuma sau da yawa yana hawa mazauni ɗaya, amma ban ga hikimar rage ƙarfi ba a motar da gilashin gabanta kaɗai ya kai faɗin ƙofar shago, a garin da rana ke dukansa tun hantsi.

Sunan samfuri kaɗai bai isa ba, domin SD7H15 ɗin kansa yana da nau'o'i masu yawa. Dole a tabbatar da wutar kulocin, domin motocin Amurka volt 12 suke amfani da shi, yayin da yawancin Coaster masu dizal da manyan motocin Turai ke kan volt 24. Idan aka ɗaura na 12 a kan 24 wayar za ta ƙone, idan aka yi akasin haka kulocin zai riƙa zamewa har ya cinye kansa. Dole a ƙirga ramukan fulin, a kuma auna faɗinsa, saboda injin dizal a hankali yake juyawa idan aka kwatanta da na fetur, kuma fuli mai faɗi fiye da na asali zai rage gudun kwamfreso ya raunana sanyi a lokacin da motar ke tsaye. Sai kuma murfin baya, inda tiyo ke shiga, wanda bakinsa kan fuskanci sama ko baya. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki tsohon a tafi da shi shago, ko a aika hoton takardar da ke jikinsa, maimakon a dogara da cewa "irinsa ne". Fulin da ya kauce wa layin bel da ’yan milimita zai riƙa cin bel yana kashe boris, kuma za a ɗora laifin a kan kwamfreso.

Duk wanda aka zaɓa cikin ukun, akwai kayan da ke tafiya tare da shi, kuma rowa a kansu ita ce ke kashe sabon kwamfreso cikin makonni. Diraya, wato gwangwanin da ke tace datti yana tsotse danshi, ana canza ta duk lokacin da aka buɗe na'urar, babu jayayya a kan wannan. Idan tsohon ya niƙe a ciki, bawul ɗin da ke fesa gas a gaba ma sai an canza shi, a wanke tiyo da ruwan wankin da aka yi domin wannan aiki, a busar da su sarai. Kwandensa kuwa ya danganta da irinta: tsohuwar mai bututu ɗaya da ke lanƙwasa tana wankuwa, amma ta zamani mai ƙananan hanyoyi jere da juna ba ta wankuwa, domin ruwan wankin yana bin hanyar da ke buɗe ne ya bar garin ƙarfen a maƙale, sai ranar da zafi ya sake shi ya koma cikin sabon kwamfreso. A duba ta daga waje ma. A motoci da dama da injinsu ke baya, kwandensa tana jere da lagireto a inda tururin baƙin mai ke sauka, kuma idan ƙurar hunturu ta haɗu da wannan maiƙo sai ta zama kamar yaɓen laka a tsakanin haƙarƙarinta. Iska ba ta ratsawa, matsi ya hau, kwamfreso ya yi ta aiki cikin wahala. A motar kawuna wannan ne asalin ciwon, tare da fanka ɗaya da ta daɗe da mutuwa ba wanda ya lura.

Batun mai da gas yana buƙatar a tsaya a kan mai gyara, cikin girmamawa amma ba tare da kau da kai ba. Sabon kwamfreso yakan zo da mai a cikinsa, amma adadin ba lallai ya dace da mota mai dogayen tiyo ba, don haka a tsiyaye a auna, a cika bisa abin da littafin motar ko takardar da ke manne a jikinta ta faɗa, da irin man da kamfanin kwamfreson ya ayyana. Kafin a sa gas, a zuƙe iskar da ke ciki da injin zuƙa na aƙalla minti arba'in da biyar, a irin wannan doguwar na'ura ma awa guda ba ta yi yawa ba, sannan a rufe a jira a ga ko allurar geji za ta motsa. Al'adar nan ta sakin ɗan gas domin ya kore iska ba ta fitar da danshi. Gas kuma a auna shi a kan sikeli, kada a tsaya ga taɓa tiyo da hannu a ce ya yi sanyi. Motar da aka ƙera kafin wajejen 1994 mai yiwuwa da R12 ta fito, gas ɗin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi saboda illarsa ga sararin samaniya. Mansa na ma'adini ne, ba ya gauraya da R134a, saboda haka mayar da irin wannan mota kan sabon gas yana buƙatar a wanke tsohon man, a canza zobban roba da bakunan cikawa, a kuma sa kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin da aka rubuta wa R12. A nan sabon kwamfreso ya fi ɗan Kwatano da gyara fifiko ƙwarai, domin an yi shi ne tun farko domin R134a. Gas ɗin jabu ma gaskiya ne: a shekarar 2011 an samu fashewar kwantenonin sanyi a Biyetnam da Brazil, har aka rasa rayuka, kuma bincike ya danganta abin da gas ɗin da aka gurɓata da sinadarin R40, wanda ke cin alminiyon da ake ƙera kwamfreso da shi. Tulun gas mai araha fiye da kima abin gudu ne.

Akwai hanya ta huɗu da wasu ke bi, wato a cire bel ɗin kwamfreso idan nasa daban ne, a dogara da iyakwandishan ɗin da ke kan rufin motar tare da janareto. Wannan yana sanyaya ɗakin, kuma ga motar da ta fi zama a wuri ɗaya, a gona ko wurin aiki, yana iya wadatarwa. Amma na kan rufin motocin Amurka da wutar volt 120 suke aiki, ba 230 ta gidajenmu ba, don haka janareton motar ne kaɗai abincinsu idan babu taransifoma, kuma sanyinsu ba ya isa ga direban da ke zaune a bayan gilashi yana fuskantar rana a kan hanyar Illela ko Argungu. Direban da zafi ya galabaita a motar da ta kai wannan nauyi hatsari ne ga kowa.

Da aka tsiyaye man kwamfreson kawuna, baƙi ya fito da garin ƙarfe, don haka maganar gyara ta faɗi tun a nan. Ya so ya karkata ga ɗan Kwatano, sai na ce masa, "Kawu, a lissafa kuɗin gas da wanki da aiki sau biyu, a ɗora a kan kuɗinsa, sannan a kwatanta da sabo." Da aka yi lissafin, tazarar ta ragu ƙwarai. Da man ya fito garau kuma kuloci ne ya lalace, da gyara zan ba shi shawara. Da kuma Coaster ce da yake shirin sayarwa bayan damina, da ban hana shi ɗan Kwatanon da aka gwada a gabansa ba. Amma mota ce da yake son ya riƙa tafiya da iyali a cikinta, sai ya sayi sabo na asali mai fistin bakwai, da diraya da bawul da kwandensa, aka gyara fankar da ta mutu, aka wanke lagireto. Aikin ya ci kwana uku, mafi yawansu a kan wankin tiyo da jiran su bushe. Yanzu ko motar tana ajiye, duk bayan mako biyu yakan sa a tashe ta a kunna sanyin na minti goma sha biyar domin mai ya zagaya ya jiƙa robar bakin sanda, kuma kafin zafin bazara ya kama, ana sa ruwa a wanke ƙurar hunturun da ta taru a kwandensa.